Sai-Na-Ji da Motar da Take Cizon Haƙora

Kafin ya buɗe garejinsa da safe, sai ya tsaya a bakin titi, hannu goye a baya, kai a karkace. Baƙo zai ce gaisuwa yake jira. A'a, motocin da ke wucewa yake saurare. Sai ya yi minti goma a haka sannan ya zare kwaɗo, ya ture ƙofar langa-langa, ya share ƙasa, ya jera sifanoninsa a kan buhu daga ƙarami zuwa babba. Akwai wani dogon sukundireba mai mariƙin katako da maiƙo ya mai da shi baƙi ƙirin, shi yake ɗauka a ƙarshe ya soke a aljihun baya. Rediyo ba ta taɓa shiga garejin nan ba. In ka zo da surutu, zai ɗaga maka yatsa ɗaya, kai da kanka za ka ji bakinka ya mutu.

Sunansa na yanka kusan ya ɓace. Kowa Sai-Na-Ji yake ce masa, domin ko me ka zo ka rattaba masa a kan motarka, ko ka rantse da abin da zai kashe ka cewa birki ne, amsarsa ɗaya ce: "To, sai na ji." Shekara arba'in da ɗaya yana kwanciya a ƙarƙashin manyan motoci masu jan ƙafa huɗu. A ƙarshen watan nan zai rufe garejin. Ya ce kunnensa na hagu ya fara yi masa ƙarya, kuma ba zai tsaya ya riƙa yi wa mutane ƙarya da shi ba.

Ni direba ne, ba gwanin rubutu ba, kuma masu sanina sun san ba ni da yawan yabon mutum. Motar ɗaukar gawa ta unguwarmu nake tuƙawa, shekara tara ke nan. Amma akwai bashin godiyar da in mutum ya tafi da shi kabari ya yi butulci, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Labarinsa a bakin mutane yana da yawa. Mai facin da ke maƙwabtaka da shi ya shaida ranar da ya tsallaka tsakiyar titi ya tare wata motar masu haƙar rijiya, ya ce wa direban tayarsa ta gaba ta dama ba za ta kai shi gadar da ke gaba ba. Direban ya zazzage masa rashin kunya son ransa. Sai-Na-Ji ya koma gareji. Ya turo jak ya ɗaga gaban motar, ya kama tayar da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ya girgiza. Sai ga ta tana lilo kamar haƙorin da ya kusa fita. Mutum bakwai ne a bayan motar nan, da kayan aiki. Direban ya zauna daɓas a ƙasa.

Nawa labarin kuwa ba na jin wani ya taɓa kai masa irinsa.

Motarmu tsohuwar akori-kura ce fara, an yi mata rumfa a baya, da benci biyu, da makara mai ƙafafun ƙarfe a tsakiya. Ba ta taɓa ba ni kunya ba sai bara. Wata rana muna shiga makabarta da wani dattijo, sai wata ƙara ta taso. Ba ƙugin inji ba ce, ba kukan birki ba. Gurzawa ce a hankali, ƙurus, ƙurus, ƙurus, irin ta mai barci yana cizon haƙora. Waɗanda ke zaune a baya suka rantse daga ƙarƙashin makarar take fitowa, har ƙarfen yana karkarwa a gwiwoyinsu. Da muka sauke shi muka juyo gida, shiru kake ji, motar tana tafiya sumul.

Bayan kwana huɗu muka kai wata tsohuwa, ba a ji komai ba. Muka kai wani saurayi, ƙarar ta dawo. Haka ta riƙa yi, ta yi da wannan, ta ƙyale wancan. Sau biyu ina kai ta wajen wasu kanikawa. Suka zaga da ita a kan kwalta, suka ce lafiyarta ƙalau, ɗaya ma ya canza mini birki don kar a ce bai yi komai ba.

Magana zarar bunu ce. Telan unguwarmu, wanda ke yanka likkafani, shi ya fara zarar ta. Bai taɓa fitowa fili ya faɗa ba, ya fi haka wayo. Sai dai in an dawo daga rakiya ya sunkuyar da murya ya tambaya: "Yau motar ta yi magana?" In aka ce ta yi, ya girgiza kai ya ce, "Allah dai Ya sa mu cika da kyau." Kafin wata biyu, kowa a unguwa ya san waɗanda motar ta yi kuka da su. Mutane suka koma bin gawa da kunne a buɗe maimakon baki da addu'a. Ni kaina, in faɗi gaskiya, in na doso ƙofar makabarta sai tafin hannuna ya jiƙe a kan sitiyari.

Sai Babanmu ya rasu.

Ni na tuƙa shi. An ce in bari wani ya karɓe ni, na ƙi. Rana tsaka ce, ba iska, ko ganye ba ya motsi. Muna kaiwa can cikin makabarta, sai ta fara. Ban taɓa jin ta yi ƙarfi kamar ranar ba. Ƙurus, ƙurus, har da wani ƙas-ƙas a tsakani, sitiyarin yana rawa a hannuna. Masu bin mu a ƙasa suka ja da baya. Na duba madubi, na ga mutum shida a kan benci, ba wanda ke kallon makarar, kowa ya kafe ido a kan takalminsa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gyaran famfo a gidajen mutane, ban taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba, shi aka sauke a kabari mutane suna satar kallon juna.

Maganar ta riga ni isa gida. Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ta daina ambaton Baba kwata-kwata. In masu gaisuwa suka ce Allah Ya jiƙansa, sai ta amsa can ƙasan maƙoshi. Abinci sai an yi da gaske take kai loma biyu. Wata uku ana haka, tana ta zubewa. Ran nan na shiga gaishe ta, ta riƙe bakin rigata ta ce:

"Kai ne ka tuƙa shi. Da gaske motar ta yi kuka da babanku?"

Na ce, "Inna, mota ce fa, ƙarfe ne."

Ta ce, "Ban tambaye ka ko mene ce ba. Ta yi, ko ba ta yi ba?"

Na ce ta yi.

Ta saki rigata. Can ta ce, "Shekara arba'in muna ɗaki ɗaya. Kullum sai na kwanta ina lalube, me mutumin nan ya aikata da ya ɓoye mini?"

Na fito raina a ɓace, na rasa wa zan shaƙe, Tela ko kaina. A ranar na kai motar wajen Sai-Na-Ji. Na zayyana masa komai, har abin da nake jin kunyar faɗa. Na zaci zai yi dariya ko ya yi mini wa'azi. Ya bari na gama tsaf, ya ce, "To, sai na ji." Sannan ya tambaye ni abin da ba wanda ya taɓa tambaya: wace hanya nake bi, ina nake juyawa, me hannuna ke taɓawa daga ƙofar gida har bakin kabari. Ya ce gobe da hantsi in zo mu je, kuma kar in sauke makarar.

Washegari na zo na buɗe masa ƙofar gaba. Ya wuce ta, ya hau baya. Ina kallo ya cire takalmi da hula, ya miƙe a cikin makarar, ya jera hannuwa a gefe.

Na ce, "Malam, me ke nan kuma?"

Ya ce, "Waɗanda suka ji ƙarar nan, daga nan suka ji ta. Ja mayafin can ka rufe ni, haske yana hana ni ji. Ka tuƙa yadda ka tuƙa babanka, kar ka rage komai."

Na rufe shi da koren mayafin da muke rufa wa mamata. Wallahi ban taɓa tuƙi mai nauyin wannan ba. Mutanen da muka wuce a hanya suna tsayawa suna cire hannu daga aljihu, wasu suna salati, ba su san mai rai na ɗauko ba. In na ɗaga ido ga madubi, sai in ga tudun mutum a miƙe, ƙafafu a haɗe, ba motsi. Sau biyu na kusa taka birki in je in duba ko yana numfashi.

Makabartar ba kowa sai mai haƙan kabari can nesa, ya jingina da shebur yana kallonmu. Daga ƙofa akwai tsohon ɓangare, ƙasarsa tauri gare ta. Na wuce shi. Inda yashi ya fara, na yi abin da na saba yi ba tare da tunani ba, na ja ƙaramar giya na sa motar a ƙafa huɗu, na karya sitiyari hagu har ƙarshe don shiga sabon ɓangare. Sai ta fara. Ƙurus, ƙurus, ƙurus. Daga ƙarƙashin mayafin wata murya ta ce, a natse:

"Tsaya nan."

Na san shi ne, amma sai da ƙafata ta zame daga kuloci, motar ta mutu.

Ya yaye mayafin ya sauko. Ya sa na cire ƙafa huɗu na sake kwanar, ba a ji komai ba sai yashi. Ya sa na mayar, ƙarar ta dawo. Ya kira mai haƙan kabari ya tambaye shi inda aka binne waɗanda motar ba ta yi kuka da su ba. Mutumin ya nuna tsohon ɓangare, kusa da ƙofa, inda tsofaffin gidajen unguwa ke da sauran fili kusa da iyayensu. Sauran fa? Ya nuna cikin yashi, inda ake kai irinmu da muka zo daga baya. Kabarin Baba shi ne na can ƙurya, inda kwanar ta fi tsanani.

A nan cikin kaburbura ya kafa jak a kan wani katako ya ɗaga tayar gaba ta hagu. Ya kama ta sama da ƙasa ya girgiza, ta amsa, ƙwal-ƙwal. Ya ce, "Boris ɗin da tayar ke juyawa a kansa ya ci, shi ya sa take wasa." Ya kama ta gefe da gefe, ba ta motsa ba, ya ce sandar sitiyari lafiya lau. Ya zaro sukundirebansa ya dafa bakin a jikin ƙarfen da ke bayan tayar, ya manna mariƙin a kunnen dama, ya ce in juya tayar a hankali. Ya rufe ido. Sannan ya zura hannu ya fito da yatsu cike da yashi da busasshen giris. Robar da ke rufe gaɓar shaf, sandar da ke juya tayar gaba, ta yage tun tuni, yashi ya shiga yana cin ƙarfe. Gaɓar nan ba ta ɗaukar nauyi sai an sa ƙafa huɗu, ba ta kuka sai an karya sitiyari. Ƙarar kuma tana bin ƙarfen ƙasan mota har ƙafafun makara, shi ya sa na baya ke jin ta a ƙarƙashin mamaci.

Na jingina da motar, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ce, "Malam, mu koma ka gyara ta yau ɗin nan, ko zan kwana a garejinka."

Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ba zan gyara ta yau ba."

Zuciyata ta hau. Na ce, "Saboda me?"

Ya ce, "Direba, yi tunani. In na gyara ta a ɓoye, gobe ka ɗauki wani, ta yi shiru. Jibi ma ta yi shiru. Me za a ce? Za a ce waɗannan mutanen kirki ne, babanka kuwa shi ne na ƙarshe da ta yi kuka da shi. Ka ga na ɗaure maganar ke nan har abada da hannuna. Tana da sauran tafiya ɗaya a jikinta in an bi a hankali. Gobe ka tara mini masu bakin."

Kai ne, Malam, ka hango abin da ni ɗan mamacin ban hango ba. Ni ƙarar nake so ta mutu. Kai ka san in ta mutu ba shaida, ƙaryar ce za ta rayu.

Washegari da hantsi muka cika bencin nan biyu da dattawan unguwa, Tela a tsakiyarsu yana ta gyara zaman hula. Sai-Na-Ji ya nuna masa makarar ya ce, "Malam Tela, ko za ka ɗan kishingiɗa? An fi ji daga nan." Tela ya ce shi bayansa na ciwo. Aka bar makarar ba kowa, mayafin a ninke a kai. Muka shiga, na sa ƙafa huɗu, na karya hagu. Ta fara gurza, makarar da ba kowa a ciki tana karkarwa a gaban idonsu. Wani dattijo ya ɗage ƙafafunsa sama. Sai-Na-Ji ya ce in tsaya, in cire, in sake. Shiru. In mayar. Ƙurus, ƙurus. Sau biyar muna yi, yana kunna ta yana kashe ta kamar fitila. Sannan ya juya ya ce:

"Yau ba mamaci a motar nan, sai mu. In laifi take jiyowa, to na waye a cikinmu?"

Tela ya buɗe baki ya ce shi dama bai taɓa cewa komai ba. Mai haƙan kabari, wanda ba a san shi da magana ba, ya ce, "Haka ne, tambaya kawai kake yi." Daga nan Tela bai ƙara ɗaga kai ba har muka fito.

Da yamma ya kwance gaban motar, ya sa sabon boris, ya canza gaɓar shaf da robarta, ya cika ta da giris. Na zaci an gama. Sai na ga ya naɗe tsohuwar gaɓar a tsumma, ya wanke hannu, ya sa riga mai tsabta, ya ce in kai shi wajen Inna.

Ya yi sallama ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ya ce, "Baiwar Allah, ya haƙuri?" Ta amsa da ƙyar. Ya warware tsumman ya tura mata ƙarfen a kan tabarma, ya ce, "Ni ban san mijinki ba, ba zan yi miki shaidar abin da ban sani ba. Wannan na sani. Ki riƙe nan, ki lanƙwasa, ki murɗa."

Ta dube ni, na gyaɗa kai. Ta ɗauka da hannuwanta da suka rame, ta murɗa. A cikin ɗakin nan shiru, ƙarfen ya ce ƙurus. Yashi ya zubo mata a zane. Ta sake murɗawa, ya sake. Ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "Wannan ce ƙarar?"

Na ce, "Ita ce, Inna. Ita ce sak."

Sai ta ajiye shi a hankali, ta rufe fuska da mayafi, kukan da ta riƙe wata uku ya ɓalle. Cikin kukan take cewa, "Ka yafe mini, Malam. Wata uku ina tuhumarka kana kwance ba ka da bakin kare kanka. Ka yafe mini." Ba da bakanike take ba, da Baba take. Sai-Na-Ji ya tattara tsummansa ya fice ba sallama, ya bar mu. Ko ruwan gidanmu bai sha ba.

Malam, kai ne mai kunnen da ba ya gaggawa, mai hannun da ba ya kwance abin da bai gane ba. Na gode. Iyalan mutum goma sha ɗaya da motar nan ta yi kuka da nasu sun gode, ko da wasunsu ba su san fuskarka ba. Allah Ya ba ka lafiyar hutawa, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu riƙe da sifana, da duk mai sana'ar da ake kawo wa abu a ce ya lalace, ku yi koyi da shi tun yana raye. Ku je inda abin ya faru, ku tambayi mai shi me ya taɓa, kuma kafin ku ɗaure noti na ƙarshe ku duba ko akwai mutumin da lalacewar ta taɓa.

Inna tana nan da ranta, ta mai da jikinta. Jiya na same ta a tsakar gida tana ba jikokinta labarin yadda kakansu ya taɓa faɗawa cikin tankin ruwan wani gida yana gyara, tana dariya har da riƙe ciki. Da ta gama ta ce, "Allah Ya jiƙan mutumin kirki," da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji.